Tattara labaran marubuta da masu zane baƙar fata da tarihi ya tsallake

Masu adana tarihi sun yi ittifaƙi cewa a fara da hira da tsofaffi, takardu sa jira. A karɓi izini a rubuce, sannan a naɗi hirar a tsarin WAV, wato nau'in fayil ɗin sauti da ba ya rage komai, domin MP3 yana zubar da wani ɓangaren sauti. Kada zama ya wuce minti 90. Gajiya kan cakuɗa sunaye. Tambayar wariyar launin fata a bar ta sai hira ta yi nisa, in aka buɗe da ita mutum kan kame bakinsa.

Hotuna da fastocin baje koli a kwafe su da na'urar sikana a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, a rubuta sunaye a jikinsu da fensir, don tawadar biro tana ratsa takarda. Salatif kam a guje shi, gam ɗinsa yana barin tabo. A ajiye kwafi uku na duk abin da aka naɗa ko aka kwafa, ɗaya a wani ginin dabam.