"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": ya dace da kafintocin Norwe da suka tsufa a Amurka?

Mai Gizago: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kowa ya san wannan karin magana a kan tarbiyya ake kawo ta. Ina so mu auna ta a kan kafintocin ƙasar Norwe da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Jirgin ruwan farko, Restauration, ya tashi daga Stavanger a 1825 da mutum 52, kuma cikin shekara ɗari da suka biyo baya wajen mutum 800,000 suka bi sahu. Da yawa tun suna yara suka koyi sassaƙa a hannun iyayensu, suka tsallaka teku, suka tara iyali, suka tsufa da gatari a hannu a Wiskonsin da Ayowa da Minesota. A ganina rayuwar irin wannan dattijo ita ce fassarar maganar.

Baba Kafinta: Wa'alaikumussalam. A zahirinta maganar ba ta da gyara. Dubi akwatinsu na abinci mai siffar ƙwai, wanda suke kira tine. Falle siriri ake cirowa, kaurinsa bai wuce milimita huɗu ko biyar ba, kuma tsaga shi ya fi yanka shi da zarto, domin tsaga tana bin jijiyar iccen. A jiƙa shi a ruwan zafi, a naɗe shi a jikin gungumen da aka sassaƙa daidai siffar akwatin, a matse inda baki biyu suka hau juna, a bari ya bushe, sannan a huda a ɗinke da saiwar itace. In katakon mai kauri ne, awa ɗaya a tururi ga kowane inci, kuma da an fito da shi ba a jira, yana hucewa yana taurarewa. Inda yake karyewa shi ne gefen waje na lanƙwasar, don can ne yake miƙewa, shi ya sa ake mara masa siririn ƙarfe.

Hajiya Malama: Baba, ban musa ba. Damuwata yadda ake rufe wa babba ƙofa da wannan magana, a ce ya riga ya bushe. Mutanen nan da gemunsu suka sauka, suka tarar da iccen da ba su saba da shi ba. A gida Norwe suna da iccen fayin, dogo miƙaƙƙe mai sauƙin sara. Gininsu na laft, ana feƙe kwarmi a ƙarƙashin kowane gungume ya zauna daram a kan na ƙasa, a cusa gansakuka a tsakani, iska ba ta samun hanya. A kudancin Wiskonsin da Ayowa kuwa iccen ok ne ya fi yawa: nauyi, tauri, ga karkata. Sai da yawansu suka koma sassaƙe fuska biyu na gungumen, su haɗa kusurwa da haɗi mai faɗin baki da ke kulle kansa, su cike tsakani da guntayen icce da laka ko farar ƙasa. Cocin Muskego da suka gina a Wiskonsin da gungumen ok wajen 1844 yana nan tsaye a St. Paul ta Minesota, inda aka mayar da shi a 1904. Waɗanda suka nausa yamma bayan dokar rabon filaye ta 1862, eka 160 ga wanda ya zauna shekara biyar, wasu ba su sami ko bishiya ba, da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa suka yi ɗakin farko. Ni "gemu ba ya hana ilimi" zan ɗora musu.

Ɗan Magini: Hajiya ta taɓo wurin. Ƙari a kai, ɗanye na tanƙwara ne kawai, ba na haɗi ba. Bangon ɗanyen gungume yana sauka kusan kashi 6 cikin ɗari yayin da yake bushewa. Bango mai ƙafa 8 zai iya rasa inci 6. Wanda bai bar sarari a saman ƙofa da taga ba, nauyin ginin zai sauka a kansu, ƙofa ta ƙi buɗuwa, gilashi ya fashe. Kuma ba a kafe gefen ƙofa da ƙusa a jikin gungumai, ana sa sanda cikin kwarmi yadda bangon zai riƙa zamewa ƙasa. Katakon tebur da akwati kuwa ana busar da shi a inuwa, shekara ɗaya ga kowane inci na kauri, da 'yan sanduna tsakanin falle da falle, sannan a shigo da shi ɗaki mai murhu har danshin da ya rage a cikinsa ya zama kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. In an yi gaggawa, hunturun farko zai tsaga murfin.

Mai Gizago: Na karɓa, Malam. To ta fuskar iyali fa? Can nake ganin maganar ta fi zama. A gidan tarihi na Vesterheim da ke Decorah a Ayowa akwai ɗakin gungume na Erik Egge, ƙafa 14 da 16, inda iyali biyu suka yi hunturun 1853 zuwa 1854 tare. Yaron da ya tashi a wuri irin wannan dole idonsa ya ga yadda ake wasa gatari.

Hajiya Malama: Ya gani, amma ba uba kaɗai ke tanƙwarawa ba. Makaranta ma ta sami yaron yana ɗanye, da Turanci. Dattijon da ya yi tsawon rai ya ga jikokinsa suna ɗaukar akwatin da ya sassaƙa, amma ba sa iya karanta jaridar da yake karantawa. Decorah-Posten, mai fitowa da harshen Norwe tun 1874, a 1972 ta rufe.

Baba Kafinta: Mai Gizago, in za ka kawo maganar a kansu, ka kawo ta a kan hannu: riƙon gatari da gane jijiyar icce, waɗannan a ƙuruciya suke shiga. Sanin lokacin da katako ya bushe kuwa, sai wanda murfi ya taɓa tsage masa.