git log na jan ƙafa a kan fayil ɗaya

Sadiƙu: Jama'a, ma'ajiyar aikinmu a Git (manhajar adana tarihin canje-canjen fayiloli) ta tsufa. In na buga `git log -- src/biya.c` don ganin tarihin fayil ɗin, sai na shanye shayi kafin ya amsa. Akwai dabara?

Rabi: Gwada `git commit-graph write --reachable --changed-paths`. Tun Git 2.27, a 2020, wannan umarnin yana ajiye matatar Bloom, wato ɗan taƙaitaccen bayanin fayilolin da aka taɓa, ga kowane commit (canjin da aka adana). In matatar ta ce "babu fayil ɗin", Git ya wuce abinsa. In ta ce "wataƙila", sai ya duba da kansa.

Sadiƙu: Ba ta ƙarya, Anti Rabi?

Malam Idi: "Wataƙila" kan yi kuskure jefi-jefi, "babu" kuwa ba ta kuskure. Sai dai commit ɗin da ya taɓa fayil sama da 512, dole a bincike shi ta tsohuwar hanya.