Muhawara: Wai Ƙwaya ce Asalin Ciwon Ƙwaƙwalwar Ma'aikata?

Jami'in kula da ma'aikata: Maganar da aka ajiye ita ce, duk ma'aikacin da ke ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa, in ka bi salsala, ƙwaya ce. Ni ban ga ƙarya a ciki ba. Binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na shaye-shaye a Najeriya, a shekarar kuma aka haramta maganin tari mai kodin.

Ma'aikaciyar jinya: Yallaɓai, adadin daidai ne, hukuncin ne ya kauce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kashi 15 cikin 100 na waɗanda suka isa aiki suna da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma damuwa da fargaba ne kan gaba. Wani gado ne, wata daga jego abin ya taso, wani kuma aikin dare ne: mai ciwon da ke sa shi yau zumuɗi gobe baƙin ciki, kwana uku ba barci ya isa ya tayar masa.

Mai harhaɗa magunguna: Hajiya, bari in ƙara. Abin da ke sa a ce musu 'yan ƙwaya sau da yawa maganin asibiti ne. Amitriptyline 25mg in an sha da safe, sai gyangyaɗi a kan tebur da bushewar baki. Da dare ake sha. Allurar fluphenazine kuwa tana sa wuya ya sanƙare, hannu na karkarwa, wani har yawu. Mafita a koma wa likita ya rage ko ya sauya.

Jami'in kula da ma'aikata: To direbobi da leburorin da ke haɗiyar taramol fa? Su ma gado ne?

Ma'aikaciyar jinya: A'a, a nan kana da gaskiya, wiwi ma na iya tado ciwon da ke kwance. Amma a tambayi wanne ya rigayi wani. Da yawa rashin barci ne ya fara kai su kemis.

Mai harhaɗa magunguna: Wannan zargin ne ma ke sa mutum ɓoye katinsa. Fluoxetine 20mg, maganin ciwon damuwa, sai ta yi mako biyu zuwa huɗu kafin a ji sauƙi, kuma ana ci gaba aƙalla wata shida bayan an warware. Mai tsoron ofis a wata na biyu yake dainawa, ciwo ya dawo.

Jami'in kula da ma'aikata: To ranar asibiti, izini za a rubuta ko hutun rashin lafiya?