Rediyon tsohuwar motata ya gaji, aljihu kuma ba nauyi: da me zan fara?

Mai Tsohuwa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da mota ƙirar 1999, shigowar Japan ce, shekara 7 ke nan tana hannuna. Inji lafiya lau, ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Sauti ne kawai ya zame mini ƙarfen ƙafa. Rediyon da ta zo da shi mai kaset ne, tun bara ya haɗiye wani kaset ya ƙi fito da shi. Lambar FM ɗinsa kuma ba ta wuce 90, saboda haka yawancin tashoshi sai dai in ji labarinsu a bakin mutane. Sifikar ƙofar direba tana kakari kamar mai mura, ta baya ta hagu kuwa ta yi gum.

Na gwada ɗan abin nan da ake cusawa a ramin kunna sigari, mai tura sauti daga waya zuwa rediyo. Yana yi, amma da na taka totur sai wani siririn ƙara ya taso, zuiii, yana bin inji sama da ƙasa.

Ni ba mai son gigita unguwa ba ne. Karatu nake ji da labarai, sai amsa waya ba tare da na ɗauke hannu daga sitiyari ba. Ɗana ya nace sai in sa mai babban allo irin na Android. Kuɗin da na ware ba zai ɗauki rediyo da sifika huɗu a lokaci guda ba. Wanne zan fara saye? Kuma zan iya haɗawa da kaina, ko ganganci ne?

Mai Wayarin:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka saki ko kwabo, ka fara sanin me ya mutu. Juya maɓallin da ke karkatar da sauti dama da hagu, gaba da baya, ka saurari kowace sifika ita kaɗai. Wadda ta yi shiru ba lalle ta ƙone ba, sau da yawa waya ce ta tsinke ko soket ya zare. Ciro ta, ka taɓa ƙafafunta biyu da ƙaramin batir na tocila mai volt 1.5. In ka ji ƙas, ka ga takardar da ke fuskar sifikar ta motsa, da ranta.

Batun FM ba lalacewa ba ne. Rediyon da aka yi wa kasuwar Japan a wancan zamani daga 76 zuwa 90 yake kamawa, mu kuma tashoshinmu daga 87.5 zuwa 108 suke. Sabon rediyo zai raba ka da wannan.

A shawarata rediyon za ka fara saye, amma ba mai allo ba. Nemi ƙarami mai Bluetooth da wurin filashi, wanda ba shi da CD. Ya fi araha, bayansa gajere ne, ba shi da injin da ƙura za ta kashe. Pioneer, Kenwood, Sony da JVC duk suna yin irinsa. Auna ramin dashbod tukuna: ƙaramin gida faɗinsa milimita 180, tsayi 50, babban kuma tsayinsa 100. In naka babba ne, akwai ɗan akwatin roba da ake cike ragowar da shi, ka ma samu wurin ajiye waya.

Abin da zan roƙe ka don girman Allah, kada ka sa almakashi a wayoyin motar. Akwai soket na musamman da ake sayarwa, gefe ɗaya ya shiga na motarka, ɗaya gefen ka haɗa da wayoyin sabon rediyo launi da launi, kana zaune a kan tebur. Launukan sabon rediyo kusan duk ɗaya ne. Ruwan ɗorawa wutar batir ce ta kullum, ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja wutar makulli ce. Baƙa ta jikin mota ce, wato at. Fara sifikar gaba ta hagu, ruwan toka gaba ta dama, koriya baya ta hagu, ruwan malmo baya ta dama, kuma kowace sifika wayoyi biyu ne da ita, mai ratsin baƙi ita ce nagetif. Shuɗiya ta eriya mai tashi da kanta ce, shuɗiya mai ratsin fari ta tada amfilifaya, in ba ka da su ka rufe bakinsu. Amma launukan cikin motar ba sa bin wannan tsari, kowane kamfani da nasa. A nan ne mutane ke ƙona kaya, su ga ja a mota su ɗauka ta makulli ce.

Cire kan batir na nagetif kafin ka fara. Haɗin kuma a yi shi da dalma ko ƙarfen matsewa. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatef, wata uku na zafin dashbod ya ishe shi ya saki.

Direban Dare:

Oga Mai Wayarin ya faɗi gaskiya a kan soket, amma ni ban yarda a fara da rediyo ba. Sabon rediyo a kan yagaggiyar sifika ai kwalliya ce a kan ƙazanta, kakarin ma ƙaruwa zai yi. Sifikar da ta shekara 25 a cikin ƙofa, soson da ke zagaye da bakinta ya riga ya ruɓe, kana taɓawa yana marmashewa a yatsa.

Sayi biyu na gaba kawai, su ne ke kusa da kunnenka. Na baya su jira. Kuma kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Rediyon da aka rubuta wa 50W x 4, ainihin ƙarfin da yake bayarwa a ɗore, wanda suke rubutawa RMS, bai wuce wat 20 da 'yan kai ba a kowace sifika. To me za ka yi da sifika mai wat 400? Duba an rubuta mata ohm 4, wato irin wadda rediyon mota ke ɗauka, sannan ka duba lambar dB, wadda ke nuna yawan sautin da take fitarwa daga wutar da aka ba ta. Bambancin dB 3 kamar ka ninka wutar ne sau biyu, saboda haka mai 91 za ta fi mai 88 tashi a kan ƙaramin rediyo.

Sai zurfi. Na taɓa sayen mai ƙaton maganaɗisu ina murna, na ɗaure, na mayar da marfin ƙofa, ina sauke gilashi ya tsaya a rabi. Ka auna zurfin tsohuwar da gilashi a ƙasa.

Uwar Biyu:

Ni nawa gargaɗin ɗaya ne. Wani yaro ya sa mini rediyo, ya haɗe ja da ruwan ɗorawa wuri guda wai don in riƙa ji ko mota a kashe. Na bar ta kwana huɗu ban tayar ba, ranar da nake sauri ko tari ba ta yi ba. Na sayi sabon batir a banza kafin a gano. Malam, ka tsaya a kan mai haɗa maka, ko ɗanka ne.

Mai Tsohuwa:

Allah ya saka da alheri. Jiya na ware yamma na buɗe. Ta baya ashe soket ne ya zare, ina mayarwa ta ɗauka. Ta ƙofar direba kuwa yadda Direban Dare ya faɗa, soson ya zama gari, har da tsatsa a ƙasanta, da alama ruwa na bin gilashi yana sauka a kanta. Inci 6.5 ce. Ramin dashbod babba ne, rediyo a sama, akwati a ƙasa, kusoshi huɗu ke riƙe da su.

Na yi lissafi, in na haƙura da allon zan iya sayen ƙaramin rediyo da sifika biyu na gaba tare. Yaron ya ɓata rai, na ce in ya sayi tasa motar ya sa mata talabijin ma. Saura tambaya ɗaya: wancan ƙaran mai bin totur, zai biyo ni cikin sabon rediyon?

Mai Wayarin:

Da wuya, Malam. Ƙaran altaneta ne, na'urar da ke cajin batir in inji na aiki, kuma mai yiwuwa ta wancan abin na ramin sigari yake shigowa. Da ka koma Bluetooth ka cire shi ke nan. In ya ci gaba, baƙar waya ce ba ta kama da kyau ba. Nemi ƙarfen jikin mota a bayan dashbod, kankare fenti har ya yi ƙyalli, ɗaure ta da kusa, kuma ta zama gajeriya.

Lokacin sa sifikar, kula da fozitif da nagetif su zama iri ɗaya a ƙofofin biyu. In ɗaya ta juye ba ta ƙonewa, amma bes zai ɓace, murya ta zama kamar daga cikin gwangwani. Batirin tocilan nan zai nuna maka: in takardar ta turo waje, ƙafar da ke kan fozitif ɗin batir ita ce fozitif. Kuma kada nagetif ɗin sifika ta taɓa jikin mota, sababbin rediyo ba sa jure wannan.

Ledar da ka tarar manne a cikin ƙofa kada ka yar, ita ke hana ruwa isa ga marfin. In ta yage ka liƙe ta kafin ka rufe. Makirfon rediyon na amsa waya kuma maƙala shi a sama kusa da madubi, nesa da bakin iskar esi, in ba haka ba wanda ka kira iska kawai zai ji.