Wai Direban Manhaja Ba Shi da Ubangida?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da muka fara a ƙofar masallaci ranar Juma'a ba mu ƙarasa ba, na kawo ta nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Ra'ayina dai bai canja ba: direban da ke ɗaukar fasinja ta waya, ko Bolt ko Uber ko inDrive, ya fi ɗan sahu da direban tasha 'yanci. Ba ɗan kamashon da zai ce masa layi bai zo kansa ba, ba Alhajin da ke jiran balas, wato kuɗin da direba ke kai wa mai abin hawa kullum, da magariba. Ya ga dama ya kunna waya, ya ga dama ya kashe ya kwanta. Shi ne ubangidan kansa.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Injiniya, kai rubuta manhaja kake yi a ofis mai sanyi, ni kuma da ita nake neman abinci a titunan Abuja. Bari in ba ka lissafin tafiya ɗaya. Ka ɗauko mutum daga Kubwa zuwa Wuse, waya ta ce Naira 8,000. Kafin kuɗin su taɓa hannunka kamfani ya cire kasonsa, manyan kuwa tsakanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100 suke ɗauka, ka ce 2,000 ta tafi. Mai lita uku ko fiye, in ka haɗa da nisan da ka yi kafin ka isa wurin fasinjan, wanda ba mai biyan ka shi. Ka sauke shi da hantsi, ba mai komawa Kubwa sai yamma, sai ka fake gindin bishiya kana jiran waya ta yi ƙara. Juye naka ne, taya naka, data naka, ranar da ka kwana a garejin bakanike ma asararka ce kai kaɗai. Sannan 8,000 ɗin nan ba ni na yanka ba, ba a kuma yi shawara da ni ba. Wane irin mai kaya ne wani ke sa wa kayansa kuɗi?

Injiniya: Ai in kuɗin ba su yi maka ba kana iya ƙin ɗauka.

Baban Khalifa: Ƙi ka gani. Na'urar tana ƙirga sau nawa ka ƙi da sau nawa ka soke. Kai ka fi ni sanin ba don ado ake ƙirgawar ba.

Alhaji Mai Sahu: Tunda an ambaci balas, ni aka tsokana. Ina da sahu a hannun yara a nan Kano, kuma ba na jin kunyar cewa ni ubangidansu ne. Amma yaro ya san gidana. Matarsa ta haihu, ya zo ya faɗa, in ce bar balas ɗin yau da na gobe. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, tabarma muka shimfiɗa a zaure muka sake lissafi. Baban Khalifa, kai da wa ka zauna?

Ɗan Kurna: Allah ya ƙara girma Alhaji, amma ba duk masu sahu ne irinka ba. Ni tuƙawa nake, na sani. Akwai wanda in ka yi fashin balas na kwana biyu zai aiko a karɓe makulli ko kana kan gadon asibiti. Akwai masu ba da mashin a biya da kaɗan-kaɗan, kafin ka gama ka biya abin da ya kusa sayen biyu, mashin ɗin kuma ya riga ya tsufa a hannunka. Ga KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, a kan titi. Ai ba don jin daɗi muka ajiye sahu a watan Janairun 2022 kan kuɗin rajista ba, har garin ya tsaya cak mutane suna takawa a ƙasa. Kada a mayar da mu abin sha'awa don kawai ana son a soki manhaja.

Maman Nana: Ku duk maganar direba kuke yi, ba wanda ya tuna da wadda ke zaune a baya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare na faɗo mini. Lokacin da gwamnatin Kano ta hana sahu fita daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a watan Yulin 2022, wa ya tambayi irinmu yadda za mu koma gida? Ko da rana ma, ki tare sahu, ki tarar da maza biyu a ciki, ba ki san ko fasinjoji ne ko masu ƙwacen waya ba. A manhaja kuwa kafin mota ta iso na ga sunan direba da hotonsa da lambar mota, na tura wa maigidan, yana bin tafiyar a wayarsa har in shigo layinmu. Ƙanwata da ke Abuja tsoron 'yan wan-cans, masu yi wa fasinja fashi a cikin motar haya, ya sa ba ta shiga motar da ba ta waya ta kira ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace.

Kuma Baban Khalifa, ka yi haƙuri, 'yan uwanka ma suna da nasu. Mutum ya iso ya ce, Hajiya ki soke mu yi tsakaninmu, ki ƙara dubu biyu. In na soke, wa ya san ina cikin motarsa? Abin da na biya kuɗi dominsa ke nan ya ce in jefar.

Baban Khalifa: Gaskiyarki Hajiya, ba zan kare mai yin haka da dare ba. Amma ki ji abin da ya same ni da wani kamfani, ba sai na kama suna ba. Na ɗauko wani matashi daga Gwarimpa, ya ce in kunna masa sanyi. Na ce kuɗin tafiyar nan ba su ɗauki sanyi ba, ya yi haƙuri in sauke gilashi. Bai ce uffan ba, ya sauka lafiya har da sai an jima. Washegari bayan sallar asuba na buɗe waya, sai ga saƙo da Turanci, layi biyu: an dakatar da asusuna saboda ƙorafin fasinja, ana bincike. Ba a faɗi me aka ce na yi ba, ba a faɗi wa ya ce ba. Ni ne ma nake zaton shi ne. Na rubuta bayani, amsa ta dawo nan take, kana gani ka san ba ɗan Adam ne ya karanta ba. Na sake rubutawa, amsar ɗazu ce ta sake dawowa, ko wasali bai canja ba. Mota na ƙofar gida, yara na jiran kuɗin makaranta, ni kuma ina gardama da na'ura. Da Alhaji ne ya ƙwace makulli, da na ɗauki liman da mai unguwa mun je an ba shi baki. Wannan fa, ƙofar wa zan buga?

Barista: Abin da Baban Khalifa ya faɗa shi ne ainihin shari'ar da aka yi a Ingila. Direbobi suka kai Uber ƙara, kamfanin ya ce shi ba ubangidansu ba ne, dillali ne kawai mai haɗa su da fasinja. A watan Fabrairun 2021 kotun ƙolin ƙasar ta ƙi yarda. Hujjojinta: kamfani ne ke yanka kuɗin tafiya, shi ke rubuta sharuɗɗa direba ya sa hannu ba tare da ciniki ba, yana hukunta mai yawan ƙin ɗauka, yana amfani da taurarin da fasinja ke bayarwa wajen sallamar mutum, yana kuma taƙaita hulɗa tsakanin direba da fasinja. Wata guda bayan hukuncin Uber ta amince ta bai wa direbobinta kusan 70,000 a can mafi ƙarancin albashi da kuɗin hutu da fansho. Injiniya, duba hujjojin nan ka faɗa mini wanne ne babu shi a Abuja.

Injiniya: Barista, hukuncin Ingila ba ya aiki a Wuse. Kuma kuna magana kamar akwai wani mugu zaune a Talin ta ƙasar Estoniya, inda hedikwatar Bolt take, yana rage wa Baban Khalifa kuɗi da gangan. Lissafi ne. Manhaja na duba mutum nawa ke neman mota a unguwa, mota nawa ke kusa, nisa nawa, cunkoso ya yake. Masu nema suka yi yawa, kuɗi ya hau, don direbobi su garzayo can. Ranar ruwan sama ai ba ka kuka da lissafin.

Maman Nana: Shi ba ya kuka, ni nake yi.

Barista: Lissafin ba daga sama ya sauko ba, Injiniya. Wani ne ya zauna ya ce kaso 25 ne ba 10 ba, wani ne ya ce ƙorafi nawa ke rufe asusu. Ɗan kamasho in ya zalunce ka kowa a tasha ya gani. Wannan kuwa ba direba ko ɗaya da ya taɓa ganin yadda aka tsara shi. Shi ya sa ƙungiyar direbobin manhaja, AUATON, ta shiga yajin aiki a watan Yunin 2023, tana neman a rage kaso a kuma ƙara kuɗin tafiya. In ba ubangida, wa suka yi wa yajin?

Ɗan Kurna: Mu a Kano ai mun ɗanɗana. Kun manta 2019 da OPay ta shigo da kiran sahu ta waya? Fasinja na biyan abin da bai taka kara ya karya ba, kamfani na cika wa direba sauran. 'Yan makaranta da matan aure kowa ya sauke manhajar. A watan Nuwamba na shekarar 'yan sanda suka rufe ofishinsu, a 2020 kuma kamfanin ya bar harkar ɗaukar fasinja ya koma kan hada-hadar kuɗi. Yau in ka ce OPay, tiransifa da POS mutum zai tuna.

Injiniya: Arhar nan kuɗin masu zuba jari ne. A watan Nuwamban nan da ka ambata kamfanin ya tara dala miliyan 120. Kowane sabon kamfani haka yake yi don ya tara jama'a.

Alhaji Mai Sahu: Wato tsaba ce ake watsa wa kaji. To madalla da ka faɗa da bakinka.

Malam Na Gwale: 'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Kuna ta jin tsoron kamfani, ni kuwa abin da na gani da idona shi ne sa hannun gwamna ɗaya ya fi su duka ƙarfi. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, sana'ar dubban mutane ta mutu cikin mako, sahu ya gaje titi. A Legas ranar 1 ga Fabrairu, 2020, Gwamna Sanwo-Olu ya hana acaɓa da keke a manyan sassan birnin, Gokada, mai haɗa fasinja da ɗan acaɓa ta waya, da duk jarinta sai ta sallami direbobi ta koma kai saƙo. Sannan ku tambayi kanku mutum nawa ne a Kurna ko Ɗorayi ko Rijiyar Zaki ke iya kiran mota ta waya. Malamin firamare irina da ke karɓar fansho, sahu ma sai an cika mu uku a baya, ɗaya a gefen direba. Legas ta fara bas mai hanyarta daban tun 2008, ta buɗe jirgin ƙasa na cikin gari daga Marina zuwa Mile 2 a Satumban 2023. Mu birni mai miliyoyin mutane muna kan ƙafa uku na Bajaj da TVS, waɗanda su ma kamfanonin Indiya ne.

Baban Khalifa: Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma gwamna ko ba komai muna iya jiran sa ranar zaɓe.

Injiniya: To ga inDrive. Fasinja ya faɗi abin da zai biya, direba ya ce a ƙara ko ya sallama, kamar cinikin kasuwar Kwari, kason kamfanin kuma bai kai na sauran ba. Maganar wa ke yanka kuɗi ta ƙare ke nan.

Baban Khalifa: Ba ta ƙare ba. A Kwari kai da mai saye ne ido da ido. A nan mutum zai taya tafiyar 7,000 a 4,000, tayin ya faɗa wayar direbobi goma lokaci guda, wanda bai sayi mai ba tun safe shi zai danna. Da ɗan uwana ake sa ni ciniki, ba da fasinja ba.

Maman Nana: Ni ma albashina bai ƙaru da kuɗin mai ba, Baban Khalifa. In na taya 4,000 ba mugunta ba ce, ita ce a jakata.

Injiniya: Shi ke nan, mu sauko gida. A ce gobe an ba ni aikin rubuta manhajar 'yan sahun Kano, tamu ta kanmu, ba Bature ba Basine. Dole a sa hanyar dakatar da direba, don wanda ya ƙwace wa Hajiya waya ba za a bar shi ya ci gaba da ɗaukar mata ba. Wa za a damƙa wa wannan ikon?

Alhaji Mai Sahu: Ƙungiya mana. Su suka san kowa da gidan ubansa.

Malam Na Gwale: KAROTA, tunda rajista na hannunta.

Ɗan Kurna: KAROTA da muka yi wa yaji? Ƙungiya kuma, Alhaji, ka yi mini afuwa, ka san su waye ke zama a kujerun gaba in an kira taro, masu mashin ne irinku. Ni duk wanda za a ba, sharaɗina ɗaya ne: kafin a rufe ni a kira ni, a faɗa mini abin da aka ce na yi, da Hausa, kuma mutum ne zai faɗa.

Maman Nana: A kira ka, amma ban yarda a faɗa maka sunana da unguwarmu ba. Injiniya, rubuta wannan ma.