Neman shawara: ko mu miƙa rijiyar burtsatsen unguwarmu ga ɗan kasuwa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure, ni ne sakataren kwamitin ci gaban wata unguwa da ke bakin birnin Sakkwato, kuma na kawo muku maganar da ta raba kan kwamitinmu gida biyu. Muna da rijiyar burtsatse wadda gwamnati ta haƙa shekarun baya, ta ɗora mata tanki da famfuna, ta bar wa unguwa kulawarta. Da farko da wutar lantarki muke jan ruwa, da wutar ta zama sai an yi sa'a muka koma janareto, kowane gida yana ba da karo-karo a ƙarshen wata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 karo-karon ya daina isa, masu bayarwa suka gaji da ɗaukar nauyin marasa bayarwa, sannan injin da ke cikin rijiyar ya ƙone. Yau wata takwas ke nan ko ɗigo bai fito daga famfunan ba, ga shi mun doshi bazara, kuma duk wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu ya san abin da nake nufi. Mai hali yana sayen kura daga 'yan ga-ruwa, marar hali yana tayar da yaransa tun asuba su tafi wata unguwa da jarkoki, su makara a makaranta.

Ana cikin haka wani Alhaji ɗan kasuwa ya zo da tayi. Zai sa sabon inji, ya kafa farantan sola, ya ƙara tanki na biyu, duk da kuɗinsa. Sharaɗinsa shi ne a ba shi wurin na shekara 20, shi zai yanka farashin jarka, kuma yana da 'yancin sayar wa motocin tanka da masu yin ruwan leda. Dattawanmu sun ce a karɓa, domin ruwan saye ya fi babu. Matasa sun ce wannan sayar da gadon unguwa ne. Mai unguwa ya ba mu mako biyu mu kai masa matsaya, takardar da Alhajin ya rubuto kuwa tana hannuna, ni ake jira in fara sa hannu. Don Allah masu ilimi da waɗanda suka ga jiya su ba ni shawara.

Amsar wani dattijo, tsohon ma'aikacin hukumar lantarki:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na yi aiki tun ana kiran wurin NEPA, ina nan aka mayar da sunan PHCN bayan dokar gyaran harkar lantarki ta 2005, kuma ina kallo aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a ranar 1 ga Nuwamba, 2013. An yanka rarrabawar gida 11, gwamnati ta riƙe manyan layukan dakon wuta a hannun kamfaninta na TCN. Kamfanin Kaduna, wanda Sakkwato da Kebbi da Zamfara ke ƙarƙashinsa, sai a ƙarshen 2014 aka miƙa shi. Ba zan yi maka ƙaryar cewa zamaninmu aljanna ne ba. Akwai sakaci, akwai cin hanci, kuma ma'aikatun gwamnati da kansu ba sa biyan kuɗin wuta. Amma abin da aka yi alkawari a lokacin sayarwa shi ne sabon jari, da mita a kowane gida, da wuta mai ɗorewa. Da yawa daga masu sayen da bashin banki suka saya, don haka kuɗin da ya kamata ya tafi ga taransifoma da waya sai ya tafi biyan bashin. A farkon 2024 hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin Kaduna saboda bashin da ya taru masa, a watan Afrilun shekarar kuma aka ɗaga farashin masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit.

Dalilin kawo wannan tarihi shi ne ka lura da bambanci guda. Mutane suna yawan kafa hujja da wayar salula, suna cewa NITEL, kamfanin wayar tarho na gwamnati, ta yi shekaru tana wahalar da jama'a, da aka ba 'yan kasuwa lasisi a 2001 sai ga waya a hannun kowa, layin da aka fara sayarwa dubban nairori ya koma kusan kyauta. Gaskiya ne. Sai dai abin da ya karya farashin layi shi ne gasa, domin idan wannan kamfani ya ɓata maka rai ka cire layinsa ka sa na wancan. Wayar lantarkin da ta shigo gidanka kuwa guda ɗaya ce, haka rijiyar unguwarku guda ɗaya ce. Inda babu gasa, idan ka ba mutum ɗaya 'yancin yanka farashi na shekara 20, to wuƙa da nama ka damƙa masa. Kada ka sa hannu a kan wannan takarda yadda take.

Amsar wani ɗan kasuwa daga Tsohuwar Kasuwa:

Baba ya faɗi gaskiya a wuri da dama, Allah ya ƙara masa lafiya, amma ina neman a yi wa 'yan kasuwa adalci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da zai fitar da miliyoyinsa ya sayi inji da farantai ba sadaka ya ce zai yi ba, kuma neman riba ba laifi ba ne. Wata takwas rijiyar tana bushe a hannun jama'a, ina matasan da ke maganar gado suke? A nan Kalambaina muna da misali. An kafa kamfanin simintin Sakkwato a 1962, ya fara aiki a 1967, aka sayar da hannun jarin gwamnati a shekarar 2000, daga baya ya koma hannun BUA, kuma a 2018 aka buɗe sabuwar masana'anta mai iya fitar da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara. Ku kwatanta wannan da masana'antun gwamnati da suka zama kufai. Idan kuka tsaurara sharuɗɗa har Alhajin ya ga ba zai mayar da jarinsa ba, zai naɗe takardarsa ya tafi, ku kuma ku ci gaba da sayen kura, wadda ita ma a hannun masu rijiyoyin kuɗi take.

Dattijon ya sake cewa:

Alhaji, siminti ana iya jinkirta sayensa har damina ta wuce, ana iya sayen na wani kamfani. Ruwan sha ba ya jiran gobe. Ban ce a kori mai jari ba, na ce kada a ba shi ragamar farashi shi kaɗai.

Amsar wata Hajiya, malamar makarantar firamare:

Malam sakatare, tambaya ɗaya zan yi maka: mata nawa ne a kwamitin naku? Mu ne muka san jarka nawa gida yake ci a yini, mu ne muke sanin ranar da aka fasa wanki domin a samu na girki. Abin da ya fi tsorata ni a takardar shi ne maganar motocin tanka, ya ma fi maganar farashi. Tanka guda tana kwashe abin da gidaje masu yawa za su sha, kuma mai tanka yana biyan kuɗi a dunƙule, don haka ranar da ruwa ya yi ƙaranci a bazara kowa ya san wanda za a fara sallama. Yarinya mai bokiti za ta tsaya a rana har tanki ya ƙare. Ku tara matan unguwa ku ji ta bakinsu kafin ku koma wurin mai unguwa, kuma a rubuta cewa daga asuba zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar, famfunan na mutanen unguwa ne kawai.

Amsar wani malamin addini:

Ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi abokan tarayya ne a cikin abubuwa uku: ruwa, da ciyawa, da wuta. Malamai sun bambanta tsakanin ruwan da yake a mazauninsa, kamar kogi, da wanda mutum ya wahala ya ɗebo ya zuba a mazubinsa. Na biyun ya halatta a sayar, shi ya sa sana'ar ga-ruwa halal ce. Saboda haka karɓar lada a kan inji da sola da ma'aikaci babu laifi. Matsalar tana wurin mallakar asalin rijiyar da aka haƙa da dukiyar jama'a domin jama'a. Kwamiti amintacce ne a kanta, ba mai ita ba ne, kuma amintacce ba ya kyautar da abin da aka ba shi ajiya. Ku tuna rijiyar Ruma a Madina, wadda mai ita yake sayar da ruwanta, har Sayyidina Usman, Allah ya ƙara masa yarda, ya saye ta ya bar wa Musulmi. Kafin ku yanke cewa babu mafita sai wannan tayi, ku zaga wurin masu hali na unguwarku da 'ya'yanta da ke aiki a Abuja ko Legas, ku kuma rubuta wa Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Sau da yawa mutum yana neman sadaka mai gudana da zai yi wa iyayensa da suka rasu, bai san inda zai kai ba.

Amsar wani lauya:

Ɗan'uwa, kafin a yi maganar ko tayin yana da kyau, akwai tambayar da ba wanda ya yi: shin kwamitinku yana da ikon ba da wurin? Tun da dokar amfani da filaye ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna, kuma gwamnati ce ta haƙa rijiyar, ka fara gano ma'aikatar ko ƙaramar hukumar da ta yi aikin, ka samo amincewarta a rubuce. In ba haka ba, ranar da rigima ta tashi sunanka ne a saman takarda.

Idan an samu wannan, a sauya takardar daga miƙa wuri zuwa kwangilar gudanarwa. Rijiya da fili da tsohon tanki su ci gaba da zama na jama'a. Alhajin ya kawo rasit na duk abin da ya saya, a lissafa jarinsa a gaban shaidu, a ɗora masa riba da kowa ya yarda da ita, sannan a fitar da wa'adin daga wannan lissafi. Ba na jin kayan sola na rijiya ɗaya suna buƙatar shekara 20 kafin su biya kansu. Ku fara magana daga shekara 5, da damar sabuntawa idan an ji daɗin juna. Farashin jarka kada ya motsa sai da sa hannun kwamiti, sau ɗaya a shekara. A rubuta kwana nawa aka ba shi ya gyara idan inji ya lalace, da abin da zai biyo baya idan ya wuce wa'adin. A hana shi jinginar da wurin a banki ko miƙa shi ga wani. A ƙarshen wa'adi kayan su zama na unguwa suna aiki, kuma a riƙa cire wani kaso kowane wata zuwa asusun gyara mai masu sa hannu uku, domin rashin irin wannan asusu ne ya kai ku inda kuke.

Kada ka ɗauka wannan tsoro ne irin namu na talakawa. Ingila ta sayar da hukumomin ruwanta a 1989 a zamanin Margaret Thatcher, yau babban kamfanin da ke ba Landan ruwa yana fama da tulin bashi. A Kocabamba ta ƙasar Bolibiya, tsadar ruwa bayan miƙa shi ga kamfani ta fito da mutane kan titi a shekarar 2000 har aka soke kwangilar. Birnin Paris kuwa ya karɓe ruwansa daga hannun kamfanoni ya mayar hannun hukuma a 2010. Su da ke da kotuna masu ƙarfi ma sun sha wuyar warware abin da aka ƙulla, balle kwamitin unguwa. Tun ranar gini ranar zane.

Mai tambaya ya dawo bayan kwana huɗu:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, amsar tambayarki ita ce babu mace ko ɗaya a kwamitin, kuma na ji kunya. Ranar Asabar matar mai unguwa ta tara mata, suka zaɓi biyu da za su zauna da mu. Na kai wa Alhajin sharuɗɗan jiya bayan sallar isha'i. Ya amince rijiyar ta ci gaba da zama ta unguwa, ya amince da lokutan da mata suka ware, ya sauko zuwa shekara 10, mu kuma muna kan 6. Inda muka cije shi ne tanka: ya ce ribarsa duka a can take, idan aka hana shi sai dai jarka ta yi tsada. Wani mai haƙar rijiyoyi ya ba ni shawarar a fara auna yawan ruwan da rijiyar ke iya bayarwa a awa kafin a yi wannan ciniki, domin idan aka matsa mata fiye da ƙarfinta za ta fara jan yashi, injin ya sake ƙonewa. Za a yi awon ranar Talata, Alhajin ne zai biya rabin kuɗin. Wasiƙarmu ga ƙaramar hukuma tana can, ba a amsa ba tukuna, mai unguwa kuma ya ƙara mana mako ɗaya. Barista, in na turo maka sabuwar takardar ta saƙon sirri, za ka iya duba mana sashen da ya shafi soke kwangila?