Ina zan samu ganyen darbejiya mai kyau?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana uku maigida yana kwance, zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Surukata ta ce lallai a yi masa sirace da darbejiya, ni kuma nan Rikkos ban ga bishiyar a kusa ba.

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. 'Yata, kar ki tsinko ta bakin titi, ƙura da hayaƙin mota sun gama da ita. Akwai guda a gidana a Angwan Rogo, ki turo yaro. Ki haɗa da ganyen mangwaro da na gwaiba, ki tafasa sosai a rufe, ya lulluɓa da bargo har gumi ya karyo. Da sanyin Jos ɗin nan, kar ya fito iska bayan ya gama.

Anti Nas: Baba, a yi mini afuwa in sa baki. Siracen yana sassauta jiki, ban musa ba, amma a fara kai shi gwajin jini yau. Minti 20 ya isa a san ko maleriya ce. In ita ce, ya sha maganin asibiti ya cinye duka, ganye ya biyo baya. Kuma tunda da yara a gidan: man 'ya'yan darbejiya kar a kuskura a ɗura wa ƙaramin yaro, yana sa amai da jijjiga. Mai ciki ma ta bar shan ruwanta.

Baba Alhaji: Gaskiyarki, 'yata. Mu dā ɗaci kawai muke bi, in ya kai madaci sai mu ce magani ya yi.

Malamin Gangare: Abin dariya, kakata rantsuwa take tun kaka da kakanni ake shan ta. Alhali daga Indiya ta fito, zamanin Turawa aka kawo ta, a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Dogon yaro, maina, bedi, duk ita ce.

Hajiya Babba: Ni busasshen ganyen nake zubawa cikin buhun wake saboda ƙwari. Baba, in da saura a ɗebar mini.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai. Anti, yanzu ƙaninsa zai kai shi gwajin. Baba, bayan la'asar yaron zai zo.

Baba Alhaji: Ya taho da buhu, na Hajiya ma a ciki. Amma ki ja masa kunne kar ya hau, akwai gora a zaure.